Agogon Kwaikwayo Mai Inji Yana Gudu? Ga Yadda Ake Gano Ciwon a Saita Shi

Shekarun baya na sayi wani agogon hannu mai inji, irin wanda ba ya cin batir, kwaikwayon wani sanannen agogon Suwizalan. Mai sayarwar bai ɓoye mini ba, ni ma ban yaudari kaina ba, don kuɗin da na biya ko sarƙar na ainihin ba za su saya ba. Ya yi wata uku yana tafiya lafiya lau. Sai ga shi kwana biyu a jere ina riga ladan zuwa masallaci sallar Azahar, abin da ba halina ba. Da na gwada shi da waya, ashe ya ba ta ratar minti 11 cikin kwana uku.

Na kai wa wani dattijo mai gyara da ke zama da akwatin gilashinsa a bakin kasuwa, na ce, “Baba, a buɗe a rage masa gudu.” Ko murfin bai taɓa ba. Ya kara shi a kunne, sannan ya jawo wani ɗan kamfas daga cikin tarkacensa ya gitta agogon a kai. Allurar ta yi wuf ta juya.

“Samari, in za ka kwanta ina kake ajiye shi?”

“A kan rediyo, Baba.”

“To agogonka lafiyarsa ƙalau. Maganaɗisu ya sha.”

Ya ɗora shi a kan wata ’yar na’ura, ya danna, ya janye shi sannu a hankali, ya miƙo mini. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Da ya bi maganata ya tura hannun saiti, ɗan hannun cikin injin da ake turawa a rage gudu ko a ƙara, da ya jirkita agogon da ba abin da ya same shi, ranar da maganaɗisun ya fita kuma sai ya koma latti. Saboda haka jerin da ke ƙasa yake a yadda yake: hannun saiti shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa. Kafin a kai gare shi akwai awo, akwai gwajin kamfas, akwai ma dabarar da ba ta bukatar a buɗe komai.

Abin da ke ƙirga lokaci a ciki

In ka wana agogo da maɓallin gefe, ko motsin hannunka ya juya faifan nauyin da ke bayansa, babban sifirin ne ke nannaɗewa a cikin gwangwaninsa. Yana warwarewa yana tura jerin giyoyi. Da za a sake su, da ƙarfin ya zube gaba ɗaya cikin ’yan sakan. Abin da ke riƙe su yana sakinsu kaɗan-kaɗan shi ne wilin balans, ɗan zoben nan da ke kai-komo kamar lilo, tare da wani siririn sifirin da ke nannaɗe a tsakiyarsa, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba. Shi zan riƙa kira gashi daga nan. Christiaan Huygens, masanin ƙasar Holan, ya fito da wannan haɗin a 1675, har yau kuma a kansa ake.

Ƙa’idar guda ɗaya ce. In ɓangaren gashin da ke aiki ya gajarta, lilon zai ƙara sauri, agogo ya yi gudu. In ya tsawaita, agogo ya yi latti. Kamar tsirkiyar gurmi ce: makaɗi na danne ta da yatsa ya rage tsawonta, sai sautin ya hau. Kusan duk wani dalilin gudu da za mu ambata, in ka bi diddiginsa, za ka tarar wani abu ne ya gajarta gashin nan ko ya hana wilin cika lilonsa.

Yawancin injinan da ke yawo suna bugu 21,600 ne a awa, wato shida a sakan, ko kuma 28,800, wato takwas a sakan. Na biyun yana bugu 691,200 ke nan a wuni da kwana. A rana akwai sakan 86,400, don haka agogon da ke ƙara sakan 30 a rana ya kuskure kashi ɗaya ne cikin 2,880. Ga abin da aka haɗa da ƙarfe da sifirin, wannan ba abin kunya ba ne. Mai neman daidaito tsantsa ya sayi agogon batir, wanda ɗan dutsen cikinsa ke karkarwa sau 32,768 a sakan. Mafi arhar cikinsu zai kayar da agogon inji mai tsada.

Sunan da ke fuska daban, injin da ke ciki daban

A nan mutane da yawa ke ɗora wa kansu damuwar banza. Sun ga an rubuta a fuskar agogon cewa an gwada shi an ba shi shaida, sai su sa ran zai yi abin da na ainihi ke yi. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1973, tana gwada inji kwana 15 a kwanciya biyar da yanayin zafi uku, ba ta kuma ba da shaida sai matsakaicin kuskurensa ya tsaya tsakanin lattin sakan 4 da gudun sakan 6 a rana. Rolex ma tun 2015 yake alƙawarin sakan 2, gaba ko baya. Agogon jabu bai taɓa taka ƙofar wurin gwajin nan ba. Rubutun fenti ne kawai.

Abin da ke ciki galibi ɗaya ne daga cikin waɗannan: Miyota 8215 ko Seiko NH35 na Japan, ko DG2813 na ƙasar Sin wanda ya cika masu arha, ko kwafin injin Suwizalan ETA 2824-2 da masana’antun Sin ke yi, ko kuma, a masu ɗan tsada, injin da aka ƙera ya yi kama da 3135 ko 3235 na Rolex. Takardar Miyota 8215 da ta NH35 duk sun yarda da lattin sakan 20 zuwa gudun sakan 40 a rana. Miyota 9015 ya fi su matsewa, latti 10 zuwa gudu 30. Ke nan in agogonka mai NH35 yana ƙara sakan 25, a wurin masu shi bai yi laifin komai ba. Ana iya matse shi ya fi haka, kuma sau da yawa yakan karɓa, amma ka san da ma’aunin da kake auna shi.

Wata magana a gefe, tunda ta taso: kamfanonin ainihi ba sa karɓar jabu gyara, jami’an kwastan a ƙasashe da dama kuma suna ƙwace shi. Sayar wa wani shi da sunan orijina kuwa ha’inci ne, komai kyan saitin da ka yi masa.

Mataki na farko: awo na mako guda

Kada ka yarda da “ina jin kamar yana gudu.” Samu takarda da biro. Wana agogon da hannu kamar sau 30 zuwa 40. Agogo mai wana kansa ba ya tsinkewa don an cika shi, sifirinsa zamewa yake in ya ƙoshi. Jawo maɓallin har ƙarshe lokacin da tsinken sakan ya hau 12. A yawancin injina tsinken zai tsaya cak, sai ka daidaita minti, ka jira agogon wayarka mai ɗaukar lokaci daga hanyar sadarwa ya cika mintin, ka mayar da maɓallin. Tsohon samfurin Miyota 8215 ba ya tsayawa. In irinsa gare ka, ba sai ka wahala ba: rubuta ratar da ke tsakaninsu a matsayin mafari, ka riƙa ƙirgawa daga nan. Kada ka saita da rediyon da kake saurare ta intanet, don yakan makara da sakan da yawa.

Daga nan kullum a lokaci ɗaya, misali bayan sallar Asuba, ka duba ka rubuta ratar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton agogon kusa da wani allo mai nuna sakan. Ka rubuta kuma awa nawa ka sa shi, da yadda ka kwantar da shi da dare.

Bayan kwana bakwai, duba jerin. A ce ka samu ƙarin 34, 36, 33, 35, 37, 34, 35. Wannan albishir ne. Agogon da ke gudu iri ɗaya kullum lafiyayyen inji gare shi, saiti kawai ya kauce, shi ne kuma wanda hannun saiti ke warkarwa. In kuwa ka samu yau gudun 50, gobe lattin 10, jibi gudun 80, to tura hannun saiti ba zai yi komai ba sai matsar da hargitsin daga nan zuwa can. Irin wannan wanki da mai yake so, ko akwai abin da ya lalace.

Mataki na biyu: girman gudun yana faɗin ciwon

Sakan 10 zuwa 40 a rana, tun ranar da aka saye shi: saitin masana’anta ne. Masu haɗa jabu ba su cika ɓata lokacin saita kowane agogo ba.

Minti ɗaya zuwa mintoci da yawa a rana, kuma farat ɗaya abin ya fara: fara zargin maganaɗisu. Gashin ya manne da juna a wasu zagaye, tsawonsa mai aiki ya ragu.

Mintoci a kowace awa, musamman bayan agogon ya faɗi ko ya bugi ƙofa: gashin ya harɗe, wata ƙila wani zagaye ya haye kan turken da ke riƙe da shi ko kan hannun saiti. Ɗigon mai da ya malalo kan gashin ma yana manna zagayen kamar yadda maganaɗisu ke yi, injinan arha kuwa ba a san su da tsabtar zuba mai ba.

Akwai wani gudun mai ruɗi: agogon da ke daidai da rana amma yana ƙara sauri can cikin dare, ko ranar da ka wuni zaune a ofis. Ƙarfin babban sifirin ne ya ja baya, lilon ya ƙanƙance, agoguna da yawa kuma in lilonsu ya ƙanƙance sai su yi sauri. Maganin wannan ka riƙa wana shi da hannu kowace safiya na mako guda, ka sake awo. Kishiyar haka ma tana faruwa, ko da yake ba kasafai ba: lilon ya yi faɗi fiye da kima har wilin yana dukan abin da bai kamata ba yana dawowa da sauri. In ka kara a kunne za ka ji kamar sukuwar doki, galibi nan da nan bayan an wana shi ya cika.

Mataki na uku: kamfas da na’urar zare maganaɗisu

Ɗan kamfas ɗin duba alƙibla, irin wanda ake liƙawa a wasu sallayu, ya isa. Ajiye shi a kan teburin katako, nesa da waya da ƙarfe, ka bar allurar ta natsu. Kawo agogon dab da shi, ka juya shi sannu. Ɗan motsi kaɗan ba hujja ba ne, tunda akwai ƙarfe a cikin injin ko ta yaya. Amma in allurar ta bi agogon da ƙarfi, ko wani gefensa ya jawo ta wani gefen ya kore ta, ya sha.

Ina yake samunsa? Lasifikar rediyo da ta waya, murfin waya ko na kwamfutar hannu mai mannewa da kansa, maɓallin jakar mata, bakin ƙofar firji, cajar da ake ɗora waya a kai. Ma’aunin ISO 764 yana kiran agogo mai jure maganaɗisu in ya jure abin da ya kai gaus 60 (gaus ma’aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wanda ba wani abin kirki ba ne a gidan yau. Omega na gwada wasu agogunansa a gaus 15,000, Rolex kuma yana yin shuɗin gashinsa mai suna Parachrom da haɗin ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Shuɗin gashin da kake hangowa a jabu kuwa launi ne aka kwaikwaya, kada ka dogara da shi.

Na’urar zarewa ’yar ƙaramar akwati ce, yawanci shuɗiya, mai maɓalli ɗaya, ba ta da tsada. Kafin ka saya duba an rubuta 220 a jikinta, don mai 110 ta Amurka ƙonewa za ta yi a wutarmu. Yadda ake yi: ɗora agogon a kai, danna maɓallin ka riƙe, sannan ka janye agogon sannu a hankali har tsawon hannunka, sai can ka saki maɓallin. Sirrin yana cikin janyewar. In ka saki maɓallin agogon na kai, kana iya ƙara masa maganaɗisu maimakon ragewa. Kada ka riƙe fiye da sakan goma, na’urar tana zafi. Juya agogon kwata, ka maimaita sau biyu ko uku, ka koma wurin kamfas. Agogon batir kuma kada ya kusanci wurin.

Bayan haka sake awon kwana uku. Mutane da yawa a nan aikinsu yake ƙarewa.

Mataki na huɗu: kwanciyar dare

Nauyin duniya yana jan wilin balans daban-daban gwargwadon yadda agogon yake. A kwance fuska sama, wilin yana juyawa a kan tsinin sandarsa, gogayya kaɗan ce. A tsaye a gefe, sandar tana kwanciya a kan ’yan duwatsun da take juyawa a cikinsu, gogayya ta ƙaru. Tsohuwar ƙa’idar masu gyara ita ce: kwanciya fuska sama tana ƙara gudu, tsayuwa maɓalli ƙasa tana rage kaɗan, maɓalli sama ta fi ragewa. Ba kowane agogo ke bin ta ba, don haka gwada kowace kwanciya dare biyu ka rubuta. In agogonka yana ƙara sakan 12 da rana, ka kuma gano kwanciyar da yake zubar da 6 kafin asuba, ka rage rabin matsalar ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Ni a ganina duk wanda gudunsa bai kai sakan 15 a rana ba ya tsaya a nan.

Mataki na biyar: sauraren bugu

In ka ƙudura sai ka buɗe, kana bukatar abin da zai nuna maka sakamakon taɓawarka nan take, in ba haka ba kowace turawa sai ka jira wuni guda. Na’urar sauraren bugu, irin Weishi 1000 da ta cika teburan masu gyara, tana da makirufon da ake maƙala agogo a kai. Akwai manhajojin waya da ke yin makamancin haka, sai dai suna son ɗaki shiru. Ga janareta na ruri a maƙwabta ba za ka samu karatun kirki ba.

Lambobi uku take nunawa. Na farko gudu ko latti a rana. Na biyu faɗin lilo, da digiri: lafiyayyen inji da aka wana ya cika, fuska sama, yakan ba da 270 zuwa 310, ya ɗan sauka in an tsayar da shi a gefe. In ka ga ƙasa da 220 alhali yanzu ka wana shi, ajiye maganar saiti, injin yana jan ƙafa ne saboda datti ko bushewar mai. Na uku shi nake kira ɗingishi, wato bambancin tsawon “tik” da “tak”, ana auna shi da kashi dubu na sakan. Ƙasa da 0.5 yana da kyau, har zuwa 1.0 ana zama da shi.

Don faɗin lilon ya fito daidai sai ka shigar wa na’urar da kusurwar ɗagawa, wata lambar digiri da kowane inji ke da tasa: 53 ga NH35, 49 ga Miyota 8215, 50 ga ETA 2824-2, 52 ga 3135. In ka bar ta a 52 da na’urar ke zuwa da shi, lambar gudu ba za ta canza ba, faɗin lilon ne kawai zai ɗan kauce.

Dubi layin ɗige-ɗigen da ke kan allo. Miƙaƙƙen layi mai hawa yana nufin gudu, mai gangara latti. Layi biyu nesa da juna ɗingishi ne. In ɗigon ya watse kamar an watsa gero, rufe na’urar ka nemi mai gyara.

Wana agogon, bar shi minti 20 ya natsu, sannan ka auna kwanciya shida: fuska sama, fuska ƙasa, da tsayuwa huɗu. Duk sauyi ka ba shi rabin minti kafin ka rubuta. Hannun saiti yana ɗaga lambobin nan ko sauke su gaba ɗaya ne, ba ya rage ratar da ke tsakaninsu. In fuska sama tana ba da gudun 40, maɓalli ƙasa gudun 22, bayan saiti ma ratar 18 tana nan. Saboda haka ka fi ba da nauyi ga kwanciyar da agogon ke wuni a cikinta. Mai ɗaurawa a hagu, in ya saki hannu maɓallin ƙasa yake kallo. Mai ɗaurawa a dama, kamar yadda wasunmu suka fi so, nasa sama yake kallo. Ƙaramin abu ne, amma yana iya kai sakan goma.

Mataki na shida: buɗe murfi

Zaɓi wuri da lokaci. Ƙurar hunturu abokiyar gabar inji ce. Kashe fanka, rufe taga, goge teburin da ɗanyen tsumma, ka shimfiɗa farar takarda. Tanadi gilashin ƙara girma, tsinken sakace na katako ko siririn sandan tagulla, ƙaramin sukudireba, da giris na silikon. Kada ka kusantar da allura ko wani ƙarfe mai maganaɗisu.

Cire sarƙar ko ka kwance ta gefe ɗaya don ka samu fili. Murfin baya mai zare ana kwance shi ne ta hagu. Ƙwallon roba mai danƙo, in ka danna ka murɗa, yana buɗe da yawa ba tare da ƙarzane ba. Mai ƙananan haƙora irin na Rolex in ya ƙi, sai da makullinsa mai girman da ya dace. Wuƙa da almakashi ba kayan aiki ba ne a nan: sau ɗaya za su zame su bar tabon da ba ya gogewa.

Da ka buɗe, kada ka hura da baki, kada yatsa ya taɓa injin. Juya faifan nauyin gefe har wilin balans ya bayyana. Wasu jabun an liƙa musu farantin ado a kan injin don ya yi kama da na ainihi, har yakan rufe wurin saitin. In sai an cire faifan nauyi da farantin kafin a kai ga wilin, wannan ya wuce aikin ɗan koyo.

Mataki na bakwai: hannaye biyu, ɗaya kawai naka

A kan gadar da ke riƙe da wilin za ka ga ’yan hannaye biyu kusa da juna, a nan kuma ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Bi gashin da ido ta gilashi har ƙarshensa na waje. Hannun da ƙarshen gashin ya ƙare a jikinsa shi ne mai turke, aikinsa gyara ɗingishi. Ɗayan, wanda gashin ya ratsa ta tsakanin ’yan ƙusoshinsa biyu ya wuce, shi ne hannun saiti. Ƙusoshin nan su ne yatsan makaɗin gurmi: daga inda suka riƙe zuwa ciki shi ne tsawon da ke aiki.

Don rage gudu, hannun saiti zai matsa zuwa wajen turke, gashin ya ƙara tsawo. In ya nisanci turke, gudu ya ƙaru. Sau da yawa akwai alamar ƙari da ragi a kan gadar, amma ka fi amincewa da matsayin turke, don a wasu injinan alamar tana nuni ne ga wutsiyar hannun, a wasu kuma ado ce.

In ɗingishin ya haura 1.0 kuma kana son gyara shi, da shi ake farawa, tunda motsa turke yana canza gudu. In bai kai ba, ƙyale shi.

Yanzu turawar. Jingina gwiwar hannunka a tebur. Sa tsinken a gefen hannun saiti, ta yadda in ya zame zai fita waje ne, ba zai faɗa cikin gashi ba. Ɗan koyo ya jawo maɓalli ya tsayar da wilin tukuna in injin yana tsayawa. Tura kaɗan ƙwarai. In idonka ya ga hannun ya motsa sosai, ka riga ka wuce. Motsi kamar kaurin gashi yana iya sauya sakan gommai. Hannun yakan cije sannan ya zabura, don haka danna-saki ya fi turawa mai tsawo. Lura kuma kada mai turke ya biyo shi, abin da ke yawan faruwa a injinan arha. Lambar ɗingishi za ta tona in ya biyo. Bayan kowace taɓawa mayar da agogon kan na’ura, jira rabin minti, karanta. Za ka wuce, ka dawo, ka sake wucewa. Kowa haka ya fara.

Mai ETA 2824-2 ko kwafinsa ya huta: akwai ɗan noti kusa da hannun, da zane-zane da alamar ƙari da ragi. Murɗa shi kaɗan wajen ragi da sukudireba mai kaifi daidai bakinsa. Iyakarsa ’yan sakan ne, ba ya zagayawa ya ci gaba da ragewa, don haka in gudun ya fi ƙarfinsa sai an koma ga hannun.

In ka duba ba ka ga hannun saiti ba sam, sai ’yan ƙananan nauyi a jikin zoben wilin, to tsarin Rolex na ainihi aka bi, inda ake saiti da notocin Microstella biyu-biyu masu fuskantar juna, da makulli na musamman. A kwafi da yawa notocin ado ne, hannun saitin yana nan a ɓoye. A wasu kuma na gaske ne. Ko wanne ne, kada ka murɗa su. Ka taɓa ɗaya ka bar ɗan’uwansa, wilin ya karkace ke nan.

Ina za ka tsaya? Ni ina neman gudun sakan 5 zuwa 10 a matsakaici. Neman sifili a kan na’ura wahalar banza ce, don a hannu lambar za ta sauya. Ɗan gudu kuma ya fi latti sauƙin gyara: jawo maɓalli, jira ’yan sakan, mayar. Sai dai a watan azumi kada ka sha ruwa da agogon da ka san yana gaba. Wanda ke ƙara sakan 40 a rana, in an bar shi tun farkon wata, ranar 15 ya riga rana faɗuwa da minti goma.

Mataki na takwas: rufewa da gwajin hannu

Ciro zoben robar murfin, duba ko ya tsage ko ya bushe, shafa masa giris ɗin silikon kaɗan har ya yi sheƙi, mayar da shi cikin kwarinsa. Ɗora murfin, fara murɗawa baya har ka ji zaren ya zauna, sannan ka ɗaure. Sake ɗora agogon a na’ura bayan rufewa, don wani lokaci lambar takan ɗan motsa. Auna shi kuma bayan awa 24 ba tare da ka wana ba, ka ga yadda yake in ƙarfi ya ragu.

Lambar zurfin ruwa da aka rubuta a fuskar jabu ’yar’uwar waccan shaidar gwajin ce da muka ce fenti ce kawai, balle yanzu da aka buɗe shi. Cire shi in za ka yi alwala, sai in mai gyara ya gwada shi a na’urar matsin iska.

Sannan ka koma ga takarda da biro, mako guda cur, kana sa shi yadda ka saba. In na’ura ta ce gudun 6, hannunka kuma ya ce gudun 14, hannunka ne mai gaskiya: sake buɗewa ka sauke lambar na’urar da 8 daga inda take, ko da za ta nuna ɗan latti. In kuwa bayan wata ɗaya ko biyu saitin ya sake kaucewa da kansa, ko faɗin lilon yana ta sauka, injin ne ke neman wanki. Kafin ka biya, tambayi mai gyara kuɗin sabon inji. Ga masu NH35, Miyota 8215 ko DG2813, sau da yawa sauya injin ɗungurungum ya fi wanke tsohon arha.